Ɗigon Gas a Hanyar Agadas

Kwana tara muka yi a Tawa muna jiran hatimi ɗaya. Mutumin da ke buga shi a takardar mota ya tafi suna ƙauyensu, ya kulle hatimin a aljihun tebur, ya tafi da makullin. Kullum in na je ofishin sai wanda ke zaune bakin ƙofa ya ɗaga kai ya ce, "Sai gobe, Mushe." Mu mutanen Illela mun san girmamawa ce a bakin mutanen Nijar, amma kunnena bai taɓa sabawa ba. A bar mutum tsaye cikin rana kwana tara, kuma a riƙa kiransa mushe!

Ni ba direba ba ne tun asali. Kakana malamin alƙali ne, babana ya yi aikin haraji, ni kuma na yi shekara goma sha biyu ina akawu a sashen gona na ƙaramar hukumarmu. Da aka zo rage ma'aikata, cikin shekarun tamanin ɗin nan, sunana na cikin na farko. Abin da aka sallame ni da shi na haɗa na sayi wata tsohuwar mota doguwa mai shan gas a Ƙonni, irin waɗanda Turawa ke ƙetaro Sahara da su su sayar. An ce mini a Arlit, garin masu haƙar ma'adini, mai mota ba ya zama banza ko na wuni ɗaya. Na bar matata Hajara da 'ya'ya uku, na nufi can.

Ba ni kaɗai ba ne. Akwai Baffa Sambo, wani dattijon Bafillace daga Tozai, wanda na sani tun lokacin da muke fita allurar shanu. Fari ya cinye musu garke, saura 'yan ƙalilan, sai babban ɗansa ya tafi Arlit aikin lebura. Labari ya zo cewa ƙarfe ya faɗo masa a ƙafa, an kawo shi asibiti a Agadas. Baffa bai roƙe ni ba. Ya dai zo da sandarsa da butarsa da wata jakar fata cike da maganin karaya, ya zauna jikin motar. Haka yake. Cikin kwana taran nan bai yi ƙorafi ko sau ɗaya ba, kuma shirun nasa ya fi ci mini rai fiye da a ce zagina yake yi.

Don kada in zauna haka nan, sai na riƙa ɗaukar kaya daga kasuwa zuwa tasha. A nan na gano wani mai duro-duro a bayan tasha yana sayar da gas da araha. Ya ce daga Aljeriya ake sauko da shi. Ban taɓa ganin gas irinsa ba: fari tas kamar ruwan rijiya, ba ya ko kama hannu. Namu na gida kuwa ja-ja ne, mai maiƙo, mai nauyin wari. Motar ta sha shi ta rage hayaƙi. Na ce wa Baffa, "Ka ga mai na gaskiya. Mu can dai cutarmu aka yi." Na sha daga gare shi mako guda cur, ranar tashi kuma na cika tanki da jarka biyu, ina ta murna da wayona.

Mun bar Tawa da hantsi, cikin bazara. Hanya shimfiɗaɗɗiya, ba rami, ba mota sai jefi-jefi. Ba mu yi awa biyu ba Baffa ya soma shinshina.

"Malam Sahabi, motagga tana wari."

"Warin mi? Jarkoki ne a baya."

"A'a. Daga gaba yake."

"Baffa, kai shanu kas sani. Bar mini mota."

Can na dubi allurar mai na ga ta sauka fiye da yadda ya kamata. Na tsaya na buɗe bonet. Famfon gas, wanda ke rarraba mai ga inji, ya jiƙe sharkaf. Daga samansa, daidai inda sandar totur ke shiga, gas na tsattsafowa yana gangarawa yana ɗiga kan ƙarfe mai zafi, kowane ɗigo da ɗan tururinsa. Duk abin da na mallaka a duniya yana tsaye kan tayoyi huɗun nan.

Na yage gefen rawanina na ɗaure wurin, na maƙala gwangwanin madara a ƙasa ya riƙa tarewa. Duk bayan ɗan lokaci in tsaya, in juye abin da ya taru cikin tanki, in matse tsumma, in ci gaba. Da haka muka ja jiki har Abalak, hannuwana da rigata da bakina duk gas.

Ban san yadda labari ke yawo a garin nan ba. Kafin in kashe mota mutum ya fi goma sun kewaye ni, kuma kowannensu ya fi ni sanin ciwon motata. Wani ya ce in shafa sabulun salo. Na shafa, gas ya wanke shi kafin in rufe bonet. Wani ya ce a tauna dabino a liƙa, haka ubansa ke yi. Aka tauna mini dabino, aka liƙa, ƙudaje suka taru, gas bai fasa ba. Wani ya rantse ba famfo ba ne, ido ne. Na tambaya ko akwai bakanike. Suka ce akwai, ya tafi Tawa. Na tambayi yaushe zai dawo. Suka ce sai gobe. Na dafe kai.

Ana cikin haka sai taron ya dare, wani mutum ya shigo sanye da farar riga irin ta ma'aikatan asibiti, da tabarau, da jaka a hannu. Doktan Mota suke kiransa. Bai taɓa famfon ba. Ya dangwali gas ɗin da yatsa, ya shinshina, ya girgiza kai.

"Mushe, man arewa ka ba ta ko?"

Na ce e. Na ji daɗi a raina, ga wanda ya san abin da yake yi.

"Shi ke nan. Wanga mai busasshe ne. Ya shanye robar da ke cikin famfo. Amma Turawa sun yi mashi magani." Ya buɗe jaka ya fito da wani gwangwani mai hoton inji da rubutun da ban iya karantawa ba. "Ka zuba cikin tanki, ka tada mota ta ɗan yi aiki, ka bar ta kwana biyu roba ta sha ta ƙoshi. In ta sake ɗiga, ka dawo ka tofa mini yawu a fuska."

Abin da ke cikin gwangwanin ja ne mai kauri. Na lura murfin ba a liƙe yake ba, na tambaya. Ya ce masu binciken kan iyaka ne suka buɗe. Baffa ya ja ni gefe.

"Malam Sahabi, ni ban san mota ba, kai kac ce. Amma wanga mutum bai duba idonka ba tun da ya fara magana."

"To mi kake so in yi? In tauna wani dabinon?"

Na saya. Na zuba. Muka zauna kwana biyu a rumfar wani mai shayi muna kallon motar kamar masu jinya. Baffa yakan tashi ya je bakin hanya ya tsaya yana duban arewa, ya dawo ya zauna. Ni kuwa ina leƙa famfo. Abin haushi, ɗigon ya ragu da gaske. Safiya ta uku wurin ya bushe ƙayau. Har na je neman Dokta in yi masa godiya, aka ce ya bi wata mota tun jiya.

Mun yi tafiyar kamar awa uku daga Abalak lokacin da inji ya fara tari. Ya yi sau ɗaya, ya yi sau biyu, ya fizga, ya mutu. Na buɗe bonet. Wannan karon ba ɗigo ba ne, gas ne ke kwarara daga wuri biyu, kuma wata baƙar laka mai danƙo ta cika matatar mai. Na murza makulli har batir ya soma ja da baya. Ko gezau.

Wurin ba gari, ba rijiya, sai wata itaciyar ƙaya guda da inuwarta ba ta kai tabarma ba. Zafi na tasowa daga ƙasa kamar an kunna murhu. Motoci biyu suka wuce kafin azahar, na ɗaga hannu, ba wadda ta ko rage gudu. Ruwanmu ya koma rabin jarka, mai ɗumi, mai ɗanɗanon gas, don ba abin da na taɓa da bai ɗauki warin ba.

A nan ne na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Baffa ya ce a hankali, ba da niyyar komai ba, "Da mun hau babbar mota tun Tawa, da yanzu mun isa."

Na tashi tsaye na zazzaga masa. Na ce wa ya kira shi? Na ce ni na ɗauko shi don Allah, ban nemi komai ba, yana zaune kamar hakimi yana shinshine-shinshine. Na ce ni ɗan gidan sani ne, ba don lalacewar zamani ba mi zai kawo ni cikin jeji ina tauna dabino wa mota? Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba. Ya bar ni har na gaji. Sannan ya ce, "Gaskiyarka, Malam Sahabi. Zo ka shiga inuwa, rana na dukan kanka." Ya matsa ya bar mini rabin inuwar.

Na zauna. Ban san lokacin da hawaye suka zo ba. Ba motar nake tunani ba. Tafkin Kalmalo na wajen garinmu nake gani, da sanyin da ke tasowa daga gonakin albasa da la'asar, da Hajara tana soya kifi tana korar yara daga bakin murhu. Ina da gida, ina da rijiya a tsakar gida, na baro su na zo nan.

Da la'asar wata mata Buzuwa ta ɓullo daga bayan tudu tana kora jakuna biyu. Ba ta jin Hausa, mu ba mu jin nata. Ta dube mu, ta dubi motar, ta sauke salka ta cika mana buta da kwano. Ta kwance bakin zanenta ta ba mu cuku, wato busasshen nono da suke yi fale-fale, guda huɗu. Na miƙa mata abin da ke aljihuna, ta ture hannuna da bayan nata kamar na ba ta wuta. Ta kora jakunanta ta wuce. Ban san sunanta ba, amma ba na salla in manta da ita.

Washegari da hantsi wata babbar mota mai ɗauke da albasa ta tsaya. Direban ya leƙo, ya ga lambar motata, ya ce, "Kai, 'yan Sakkwato! Mi kuka yi nan?" Mutumin Ƙonni ne, ya san kasuwarmu ta Lahadi, har ya san mai tsiren da ke bakin tasha. Ya ɗaura mana sarƙa. Haka muka shiga Agadas, ana jan mu kamar akuyar da ta ƙi tafiya, hayaƙin babbar motar na shigo mana ta taga, ƙafata na kan birki har ta sage. Ya sauke mu a garejin wani mutumin Togo da ake kira Metir Kosi. Can haka suke kiran babban bakanike, Metir. Na miƙa wa Metir makulli ban ko yi bayani ba, muka kama hanyar asibiti a ƙasa.

A ƙofar asibitin akwai malami da babban littafi. Ya tambayi sunan majinyaci. Na juya ga Baffa. Sai a lokacin na tuna ban taɓa jin ya ambaci sunan ɗan nan ba, kullum "wancan na arewa" yake cewa.

"Baffa, sunanai."

Ya sunkuyar da kai. "Ɗan fari ne."

"Na sani. Amma nan asibiti ne, ba ruga ba. Faɗi."

"Sunan kakanai gare shi."

"To mi ne sunan kakan?"

Ya dube ni kamar na zage shi. "Babana fa ke nan, Malam Sahabi."

Na ce innalillahi. Mun yi kwana goma sha huɗu a hanya, mun sha gas, mun sha rana, ga mu a ƙofa, kuma kunya ta tsare mu! Malamin ya fara rufe littafi, mutanen da ke bayanmu suna gunaguni. Na roƙi Baffa, na lallashe shi, na kusa durƙusawa. Daga ƙarshe ya juya fuska ga bango ya ce, "Ran Litinin anka haifi babana."

"Altine!" na faɗa da ƙarfi har malamin ya zabura. "Altine Sambo, daga Najeriya."

Muka same shi a gado na ƙarshe, jikin taga. Mutum ne dogo, mai kamar shekara talatin, ya rame har idanunsa sun faɗa. An rufe shi da zane. Ƙafar dama ta tokare zanen. Ta hagu kuwa, daga gwiwa zuwa ƙasa, zanen kwance yake shafe da katifa. Kwana uku ke nan da yankewa.

Baffa ya tsaya ya daɗe. Sannan ya sunkuya ya tura jakar maganin karayar ƙarƙashin gado, can ciki, ya zauna a ƙasa ya ba gadon gefe. Ya ce, "An wuni lafiya?" Altine ya ce, "Lafiya lau, Baffa. Ya shanu?" Ya ce, "Suna nan." Shi ke nan abin da suka ce.

Ni na fita baranda. Kwana uku! Kwana ukun da na ɓatar a Abalak da jeji saboda gwangwanin banza. Wata ma'aikaciyar jinya ta same ni a tsaye, na tambaye ta ko da mun zo da wuri da an bar ƙafar. Ta ce ƙafar ta riga ta ruɓe tun kafin a kawo shi, da ba a yanke ba da yanzu an binne shi. Ban sani ba ko gaskiya ta faɗa, ko ta ga fuskata ne ta tausaya. Na riƙe maganarta dai, don ba ni da wata.

Da na koma gareji na tarar Metir Kosi ya riga ya cire famfon ya baje shi kan tsabtataccen buhu. Gajere ne, kakkaura, da furfura a gemu, Hausarsa a karkace amma ana ganewa. Ya ɗaga gwangwanin Dokta da ya tsinta a cikin motar.

"Wannan, wa ya ba ka?"

Na gaya masa. Ya lakato ragowar da yatsa ya sa mini a hanci.

"Man birki. Baƙin mai wanda an juye daga inji. Da jan kala na masu rini. Gwangwani kuma na sabulun wanke inji ne." Ya yi tsaki. "Kai ne na huɗu a wannan shekara."

Na ce amma ai ɗigon ya tsaya. Ya ce dole ya tsaya, man birki na kumbura roba kamar yadda ruwa ke kumbura gari, daga nan ta narke. Ya ɗauko wani ɗan zoben roba da bai fi zoben yatsa ba, ya sa mini a tafin hannu. Rabinsa ya yi laushi kamar danƙo, rabin kuma ya tsage.

"Wannan ne duk wahalarka. Robar ya tsufa. Shekara da shekaru yana shan mai mai nauyi, ya kumbura da shi, ya toshe wuri. Ka ba shi man arewa, mai tsabta ne, ba laifinsa, amma ba ya da abin da ke kumbura roba. Sai roba ya tsuke, ya bar hanya. Sabon roba ba ruwansa. Tsoho ne ba ya son canji."

"To ba maganin da ake zubawa?"

"In kana so, ɗan baƙin mai sabo, kaɗan, cikin tanki, don famfo ya samu santsi. Wannan don ƙarfe ne. Roba wanda ya mutu ba ya da magani. A cire, a sa wani."

Na dubi abin nan a hannuna. Ɗan zoben da ba zai cika cokali ba. Na ji kamar in haɗiye shi don haushi.

Ba a sayar da irinsa a garin. Na zaga shago-shago wuni biyu, kowa ya ce sai an aiko daga Yamai, wata ɗaya ko biyu. Rana ta uku Metir ya dube ni na dawo a galabaice, ya shiga ɗakinsa ya fito da wani gwangwanin alewa. A ciki akwai zobban roba sababbi, naɗe cikin takarda mai maiƙo. Ya ce daga gida ya zo da su, ya ajiye wa tasa motar da zai koma da ita wata rana. Shekararsa goma sha ɗaya a Agadas, motar na nan bayan gareji ba taya. Ya zaɓi uku ya sa mini. Da na yi maganar biyan su, ya ce aikinsa zan biya, waɗannan ba na sayarwa ba ne.

Kwana huɗu ya yi yana wanke tanki da bututu da matata. Kullum da azahar matarsa na kawo tuwon masara da miyar kifi busasshe mai yaji, ya tura mini kwano ya ce, "Ci, ba alade, na san ku." Muna ci yana ba ni labarin teku, ni ina ba shi na Kalmalo. Ya ce tafki ba ruwa ba ne. Na ce aƙalla namu ana sha. Ranar ce na fara dariya tun barina gida.

Safiyar da aka tada motar, ya sa farar takarda ƙarƙashin famfo, muka bar inji na aiki har muka sha shayi zagaye uku. Ya zaro takardar, fara fat. Wani mai jigilar ma'aikata da ke zuwa garejin ya ce in na isa Arlit in neme shi, yana buƙatar mota irin tawa daga jibi. Wuni ɗaya ne tsakanina da abin da ya fito da ni.

Na je asibiti in yi sallama. Na tarar an sallami Altine, yana zaune a baranda da sandunan guragu biyu sababbi. Baffa ya taso ya tare ni.

"Malam Sahabi, an ce mota ta tashi. Madalla. Allah shi ba da sa'a can. Mun gode."

"Ku fa?"

"Akwai babbar mota da ke komawa Ƙonni. Saman kaya akwai wuri."

Na dubi dungulmin ƙafar nan da ke naɗe da farin ƙyalle, jini ya ɗan ɓullo a gefe. Saman kaya, cikin wannan rana, kwana biyu ko uku ana jijjiga. Na jira Baffa ya ce wani abu. Na rantse da ya buɗe baki ya roƙe ni, da na samu abin da zan yi musu da shi, in kawo hujjoji, in ce ina da iyali, in ce aiki na jirana. Bai roƙa ba. Ya tsaya yana gyara igiyar butarsa.

Na fita daga asibitin ina huci. Na zaga bayan katanga, na dawo, na sake zagawa. Ina magana ni kaɗai kamar taɓaɓɓe, ina zagin Dokta, da mai hatimi, da mai duro, da wanda ya fara gaya mini sunan Arlit, da ni kaina. Wani mai sayar da ruwa ya tambaye ni ko lafiya, na ce masa ba lafiya ba. Sannan na tafi gareji, na kwantar da kujerar baya, na sayi katifar soso na shimfiɗa, na kawo motar har bakin baranda.

"Ku shiga," na ce. "Kuma don Allah, Baffa, kada ka yi mini godiya, raina a ɓace yake."

Bai yi ba. Ya dai riƙe ƙofa har muka kwantar da Altine.

Kwana biyu muka yi a hanya, a hankali, ina kauce wa kowane tudu. Famfo bai ɗiga ko sau ɗaya ba. Daga baya na kama jigila tsakanin Illela da Sakkwato da motar nan, shekara shida, da ita na aurar da babbar 'yata. Amma ranar ban san haka ba, abin da na sani kawai na tafi neman arziki na dawo hannu wofi.

Mun isa rugarsu a Tozai da yamma, lokacin ɗaure maruƙa. Matan ruga suka fito da jin ƙarar mota. Uwar Altine tana tsaye wajen igiyar maruƙa, riƙe da wani ɗan maraƙi ja. Ta ga an buɗe ƙofar baya. Ta ga sanda ta fito, ta ga ta biyu, sannan ƙafa ɗaya. Matar Altine ta ɗora hannu a ka ta fashe da kuka. Uwar ba ta motsa ba. Ta kawar da fuska, ta dube ni.

"Malam Sahabi, sannunku da hanya. Baƙon naku ya ci abinci kuwa?"

Na ce, "Ya ci, Inna. Mun tsaya Ƙonni ya sha fura."

Ta ce, "To."

Ta sunkuya za ta ɗaure maraƙin. Ta ƙulla, igiyar ta kwance. Ta sake, ta kwance. Maraƙin na ta fizga. Altine ya dogara sandunansa, ya tsallaka filin nan taki ɗaya-ɗaya. Da ya isa ya jingina da sanda guda, ya kama kunnen maraƙin ya riƙe mata. Ba ta dube shi ba, shi ma bai dube ta ba. Ya riƙe har ta ɗaure.